Damƙi Ɗaya na Dusar Katako

Ranar Alhamis aka manna takardar a allon sanarwa. Litinin da ƙarfe huɗu na yamma kwamiti zai zauna a kan Malama, in aka same ta da laifi za ta ajiye farar rigarta ta bar cibiyar binciken, kuma babu wani wurin bincike da zai sake buɗe mata ƙofa. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai da na bi layukan da yatsa. Da na kai ƙarshe na koma ɗakin ɓeraye na rufe ƙofa, domin duk ginin nan ni kaɗai na san ba ita ta yi ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina kula da wannan ɗaki. Ɗalibai na ce mini Baba Mai Keji, marasa kunyar cikinsu kuma in na ba da baya su ce Surukin Ɓera. Ɗakin ba shi da taga. Fitila ce ke kunna kanta bakwai na safe ta kashe kanta bakwai na yamma, ita ce ranar ɓerayen, ita ce darensu. Ba a shiga da takalmin waje, ba a shiga da turare, ba a ɗaga murya. Duk wanda ya karya ɗaya daga ciki nakan mayar da shi bakin ƙofa, ko da digirinsa ya fi shi tsawo. Farfesa ma, shugaban sashen, na taɓa mayar da shi. A duk shekarun nan ba a taɓa kama ni da kuskure ko sau ɗaya ba, kuma wannan ne ya ɗaure mini baki.

Wata takwas da suka wuce Malama ta kawo aikinta. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, da 'ya'ya biyu, ba ta da hayaniya, kuma ita kaɗai ce a cikin masu binciken take goge teburi bayan ta gama. Ranar farko ta tsaya ta yi mini bayani kamar ni ma ɗan ajinsu ne.

"Baba, akwai wata cuta da ke hana mutum ajiye ƙafa," ta ce. "Da ya zauna ko ya kwanta sai ya ji abu na yawo a cikin ƙwaurinsa, ba ya lafawa sai ya tashi ya taka. Muna zargin sinadarin ƙarfe ne ke yin ƙaranci a ƙwaƙwalwa. To ba za mu fasa kan mutum mu leƙa ba, shi ya sa muke tambayar ɓera."

"Ɓera zai amsa miki?"

"In an bi shi a hankali zai amsa."

Ɓeraye sittin ne, duk maza, 'yan ciki ɗaya-ɗaya da aka raba ranar yaye. Talatin a keji masu koren tambari, suna cin abincin da aka saba. Talatin a masu jan tambari, su kuma abincinsu an cire masa sinadarin ƙarfe tas. Wannan jan abincin Malama kaɗai ke riƙe da makullinsa, ita ke aunawa, ita ke zubawa. Ruwansu tatacce ne, bakin kwalbar ma na gilashi ne don kada su lasa ƙarfe. A saman kowane keji akwai kyamara da ke ƙirga sau nawa ɓera ya harba ƙafa yana barcin rana. Nawa aikin shi ne in canza keji duk Talata, in zuba sabuwar dusar katako, in wanke tsohon.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, cutar da take nema a cikin keji tana tsaye a gabanta cikin takalmin roba. Shekara goma sha biyu nake fama da ita. Daga la'asar take fara taɓa ni in na zauna, kamar tururuwa ta sami hanya cikin ɓargo, ba zafi ba, ba ƙaiƙayi ba, kuma babu inda za ka sosa ka same ta. Ban taso a gidan da namiji ke kai ƙarar ƙafarsa wurin aiki ba. Nakan yi aikina a tsaye, a ce Baba bai san gajiya ba.

A sati na shida jajayen suka fara sauyawa. Kunnuwansu suka yi fari. Da rana, lokacin da korayen suka dunƙule wuri ɗaya suna barci, su sai ɗaya ya kwanta, ya harba ƙafa, ya zabura, ya zagaya kejin, ya dawo ya kwanta, ya sake zabura. Kejin tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Daga baya suka fara cizon juna, ina samun jini a wutsiya. Malama ta duba lissafin kyamara ta ce, "Baba, ya fara fitowa!" har da tafi a hankali. Ni ban yi murna ba. Na san abin da ɓeran nan yake ji fiye da kyamara.

Tsohon da ya koya mini aikin nan ya bar mini wata dabara da ba ta cikin littafin ƙa'ida. Ɓera da hanci yake sanin gida. In ka sa maza a sabon keji mai tsabta sai su rikice su kama faɗa, amma in ka ɗebi damƙi ɗaya na tsohuwar dusarsu ka watsa a ciki, sai su natsu. Na yi haka shekara da shekaru. Na yi wa jajayen da tasu dusar, ba ta yi ba. Sai na dubi korayen da ke barci a ɗaya gefen, na ce a raina ai 'yan'uwansu ne, nono ɗaya suka sha, wataƙila ƙamshinsu suke nema. Talatar sati na bakwai na ɗebi damƙi ɗaya daga koren keji, da dusa da kashi da komai, na watsa wa kowane jan keji nasa daga wurin 'yan'uwansa. Haka na ci gaba duk Talata. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba.

Sannu a hankali suka natsu. Kunnuwan suka dawo da jini, cizon ya ragu, har na fara samun su a dunƙule da rana. Na ji daɗi, na ce hannun tsoho bai mutu ba. Malama kuwa kullum fuskarta sai ƙara tsukewa take. Lissafin da ya hau sama ya fara gangarowa, har na ja da na kore suka kusa haɗuwa. Farfesa ya sa aka ɗebi jininsu aka auna. Sakamako ya dawo da cewa jajayen suna samun sinadarin daga wani wuri. Kowa ya ce buhunan abincin aka haɗa, kuma mutum ɗaya ke da makullin buhu.

Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin takardar, ta shigo ɗakin ta tsaya a tsakanin layukan keji tana ƙirgawa da yatsu, rabi da ni take, rabi da kanta.

"Ruwa na auna, lafiya lau. Kwalabe gilashi ne. Murfin keji roba ne. Sabuwar dusa na aika an duba, babu komai. Kashin korayen ne kaɗai zai iya yin haka, don abin da cikinsu bai ɗauka ba yana fita da shi, kuma ka san ɓera na cin kashi. Amma ai shi ya sa muka raba su tun farko, waɗannan a gabas, waɗancan a yamma. Ta ina zai tsallaka? Sai dai in fiffike ya yi."

Na san ɓera na cin kashi, wannan ko ɗan sati ɗaya a aikin ya sani. Abin da ban sani ba shi ne kashin na ɗauke da abin da aka hana su. Ina riƙe da tsintsiya, na ci gaba da sharar wurin da na riga na share.

"Baba, ka ga wani abu da ni ban gani ba?"

"Allah ya bayyana gaskiya," na ce.

"Amin," ta ce, ta fita.

Ranar Juma'a na je karɓo safar hannu wurin Mai Sito. Mutum ne mai tumbi da bakin da ba ya rufuwa, kuma tun ranar da na hana shi shiga ɗakin da ƙanshin turarensa yake neman inda zai rama.

"Surukin, yaya amaren?" ya ce. "An ce surukanka sun yi ƙiba da abincin sata."

"Ba ni safa in tafi."

"Matan nan da ke haɗa aiki da goyo, ai dole wata rana a zuba gishiri a shayi. Kai da ka ce ko ƙuda ba ya shiga ɗakinka sai da izini, yaya aka yi ta haɗa buhu a gabanka ba ka gani ba?"

"Kai da ka gani sai ka je ka faɗa."

"Zan faɗa kuwa. An kira ni, kai ma an kira ka."

Da zan koma na wuce ta ƙofar ofishin Malama. Tana cire hotunan yaranta daga bango tana sawa a jaka, tun ba a yanke hukunci ba. Na gaishe ta, ta amsa da ladabi kamar kullum. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Gidanmu ɗaki biyu ne, daga ƙofar falo zuwa ta kicin taku tara. Ranar Asabar ko abinci ban gama ba na miƙe na fara auna su. Uwar yara tana zaune tana gyara wuyan rigata ta aiki, ta ɗago ta dube ni ta saman gilashinta.

"Yau kuma tun ba a kwashe kwanuka ba aka fara sintiri? Malam, ka je su ba ka keji mana, ka ga ka huta da kuɗin mota."

Na kai kicin na dawo, na sake kaiwa na dawo, sannan na gaya mata komai, ina tafiya ina faɗa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta soke allurar a jikin rigar.

"To me kake jira?"

"Shekara talatin da ɗaya."

"Na san yawansu, ni na wanke rigunan."

"Mutumin da ya mayar da Farfesa bakin ƙofa, a ce shi ne ya ɓata aikin wata takwas da hannunsa. Da wane ido zan dubi ɗaliban nan?"

"Da wanda kake duban matar yanzu."

"Ba lalle su kore ta ba. Ƙila gargaɗi za su yi mata."

"Kai ka karanta takardar, ba ni ba. Gargaɗi aka rubuta?"

Na juya wajen kicin.

"Ɓera ka tausaya wa har ka yi abin da ba a sa ka ba," ta ce a bayana. "Ita don ba ta da wutsiya ne?"

"Ke, ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara arba'in, Malam. Matsa mini daga haske."

Litinin ta zo ban yanke komai ba. Ɗakin taron ƙarami ne, teburi ya cinye shi, kuma aka sa ni a lungu tsakanin bango da Mai Sito, yadda ba zan fita ba sai mutum huɗu sun tashi. Farfesa na gefe ɗaya, likitan dabbobi na kusa da shi, a ƙarshen teburin kuma Magatakarda ne, wani siririn mutum daga ofishin gudanarwa da ke karanta kowace kalma kamar yana tauna tsakuwa. Malama na fuskantar su ita kaɗai, hannuwanta a kan cinya.

Ko minti goma ba a yi ba ƙafafun suka tashi. Na danne yatsu a cikin takalmi. Na harɗe su, na warware. Na taka dugadugin hagu da na dama har sai da na ji zafi, abin bai kula ba, ya hau ƙwauri ya kama bayan gwiwa. Ƙarƙashin teburin akwai katako da ya tare gaba, ko miƙe ƙafa ba dama. Magatakarda yana shafi na uku.

Mai Sito ya ba da shaida. Ya ce akwai safiyar da Malama ta zo a gurguje, waya a kunne, ta ɗauki buhu ba ta ko duba tambari ba.

"Wane launi ta ɗauka?" likitan dabbobi ya tambaya.

"To, ranka ya daɗe, launin ne ban riƙe ba. Amma gaggawar na riƙe."

Magatakarda ya juya ga Malama ya ce ko tana da abin faɗa. Na zaci za ta yi musu kamar yadda ta yi ta yi sati biyu.

"Akwai satin da ƙaramin ɗana ya kwanta asibiti," ta ce. "Daga can nake zuwa, in koma can. Na bincika komai ban sami wata hanya ba. Ni ban tuna na haɗa ba, amma tunda babu wata hanya, wataƙila ni ce. Ban sani ba. Wataƙila ni ce."

Magatakarda ya sunkuya ya fara rubutawa.

Na miƙe. Kujerar ta bugi bango. Har yau ba zan iya rantsuwa ba ko ƙafa ce ta tashe ni ko maganarta, amma da na tsaya sai na ga babu hanyar komawa zaune. Mai Sito ya ja gefen rigata.

"Baba, zauna, ba a zo kanka ba."

"Sake mini riga. Ranka ya daɗe, ajiye biron nan. Ba ta haɗa buhu ba."

Na faɗa musu. Na faɗi dabarar tsohon, na faɗi cizon wutsiya, na faɗi Talatar sati na bakwai da duk Talatar da ta biyo baya. Ina magana ina taka wuri ɗaya, hagu, dama, kamar mai jiran banɗaki, kuma na ga idon Malama ya sauka kan ƙafafuna ya daɗe a can kafin ya dawo fuskata.

"Kamar yaya yawansa?" likitan dabbobi ya ce.

Na dunƙule hannu na nuna masa. Ya dubi Farfesa ya gyaɗa kai.

"Zai isa. Wata shida ana yi, zai isa har ya yi yawa."

Farfesa ya cire gilashinsa ya murza ido. Shekara ashirin muke tare, shi ya zo ya same ni.

"Baba, me ya hana ka tambaya?"

"Ban saba tambaya a ɗakin nan ba, ranka ya daɗe. Ni ake tambaya."

Suka fitar da mu baranda, ni da Malama da Mai Sito. Shi ya sulale ya tafi ko kallona bai yi ba, abin da ban taɓa gani ba. Bayan rabin awa aka kira mu. An wanke Malama. Ni kuma daga gobe an mayar da ni ɗakin wankin kwalabe har ranar da zan ajiye aiki, ba zan sake taɓa dabba mai rai ba. Ɓerayen sittin sun tashi daga aiki, likita zai kashe su da safe. Za a fara daga farko, wata takwas cur, in an yarda a ƙara mata lokaci.

A barandar ta tare ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tun Laraba ka sani."

"Tun Laraba."

"Na tsaya a gabanka na tambaye ka, ka ce Allah ya bayyana gaskiya."

"Na ce."

"Jiya na zaunar da mijina na gaya masa ni ce. Na yarda ni ce, Baba. Na kwana ina tuna wace safiya ce na kashe aikina da hannuna."

Ta share ido da bayan hannu, ta gyara jakarta.

"Ka tuna kejin da ka ɗiba da wanda ka zuba wa?"

"Duka."

"To gobe ƙarfe takwas ka zo ofishina. Keji-keji nake so, Talata-Talata. In wannan ne ya kwantar musu da ƙafa, ina so in san cikin sati nawa. Ba don na huce ba ne."

"Na sani, Malama."

Washegari na je. Akwai kujera a gaban teburinta, ta dube ta, ta dube ni, ta ture ta gefe da ƙafa don in sami wurin tsayuwa. Ta buɗe littafi. Na fara daga keji na ɗaya, wanda babban cikinsu ke da yankakken kunne, na ce daga kore na goma sha ɗaya nake ɗebo masa. Tana rubutawa ba ta ɗago ba. Muna kan na uku na ji ƙarar amalanken ɗakina a baranda, mai ƙafar baya da ke kuka, ana tura shi zuwa wurin likita. Daga nauyin ƙarar na san keji shida aka ɗora, kuma wanda ke turawa yana sauri fiye da yadda ya kamata. Na yi shiru har ya wuce.

"Keji na huɗu," Malama ta ce. "Ci gaba, Baba."